Awon Akwatin Birnin Zamiya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya ba kowane abu nauyinsa, ya ba wasu hankali ya hana wasu. Ku gyara zama, jama'a. Mai goro ya ɓantara, mai tari ya yi ya gama. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mai awon auduga na Gangaren Ɓaure, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya da ƙafarsa, ya sha ruwan koguna bakwai, ya ga wawaye fari da baƙi, dogo da gajere, amma bai ga kamar na Birnin Zamiya ba. Labarinsu zan ba ku yau, da yadda suka so su hallaka mini mata.

Shekara ashirin na yi ina riƙe da sikeli a kasuwar garinmu, ba a taɓa kama ni da tauye mudu ba. Ran nan wani falke ya tsaya yana kallona ina fama da damin auduga, ya yi dariya ya ce, "Kai abin da za a iya ɗagawa kaɗai kake aunawa. A Dutsen Shaho akwai malamin da ke auna falalen dutse bai ɗaga shi ba." Maganar nan ta hana ni sakat. Kafin wata ya mutu na ɗaure kayana. Matata Tsahare ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa, ina za ka kai? Ƙafata ƙafarka." Muka kama hanya mu biyu.

Abin da muka gani a hanya ba zai faɗu a zama ɗaya ba. Mun ratsa garin da ake gaida inuwar sarki a bar sarkin tsaye. Mun ƙetare kogin da ke gangarowa kwana shida ya koma sama ran na bakwai. A ƙasar masu tafiya da baya aka kama mu, wai mun raina jiya tunda muna fuskantar inda za mu. Muka fizge muka zura da gudu, su kuwa dogaran banzan suka biyo mu da ƙeya, suka yi ta afkawa cikin ramin ganuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ko waiwaye ba mu yi ba sai da muka kai daji.

A Dutsen Shaho muka sami Malam Shekarau, tsoho mai ido ɗaya, wanda ba ya maimaita magana. Shekara uku na yi a gabansa ina shafa wa alluna mai, ina jan duwatsu a kansu, shi kuma yana buga ganga. Ga abin da na samo, ku buɗe kunne, don labarin duka a kansa ya rataya. In abu yana kan santsi ka ja shi, gudunsa zai yi ta ƙaruwa muddin kana ja. Mara nauyi gudunsa na ƙaruwa da sauri, mai nauyi kuwa da kasala. To, in ka san ƙarfin jan da ka yi, ka kuma auna yadda gudun ke ƙaruwa, sai ka raba ƙarfin jan da ƙaruwar gudun. Abin da ya fito shi ne nauyin abin, ko ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba. Ranar sallama Malam ya ba ni wani baka na ƙaho mai zane-zane a jiki. In an ɗaura igiya an ja, bakan sai ya buɗe, zanen ya nuna ƙarfin jan. Ja ɗaya, a ƙidayarsa, shi ne wanda in aka yi wa kantun gishiri guda a kan santsi, zai riƙa ƙara masa gudun kamu ɗaya a kowane bugun ganga.

Da muka juyo gida sai muka ce bari mu yanke, muka faɗa Faƙon Santsi. Wannan faƙo ɓawon gishiri ne fari fat, shimfiɗe iya ganinka, a ƙarƙashinsa kuma baƙin ruwa ne wanda ba a san zurfinsa ba. Santsinsa ya wuce misali: in ka ajiye ƙwarya ka hura mata iska, sai dai ka yi mata ban kwana. A tsakiyarsa aka gina Birnin Zamiya. Mutanensa takalma masu ƙusoshi suke sawa don su iya takawa, kayansu kuma a kan wasu jiragen katako masu shafaffen ciki suke turawa. Mace ɗaya sai ta tura itacen shekara da hannu guda tana hira. Saboda haka duk birnin babu sikeli ko ɗaya, kuma ba su ga amfaninsa ba. A wurinsu duk abin da ya motsa in an tura, to ba shi da nauyi. Da na ji haka na yi dariya har da riƙe ciki, ban san ni za a ci da wannan wautar ba.

Sun karɓe mu hannu bibbiyu, har abin ya yi yawa. Aka ba mu ɗaki, aka yanka mana rago, aka ba mu takalman ƙusa sababbi. Tsahare ta ce mini, "Malam, akuyar da aka fiye ba dusa, sallah ce ta matso." Na ce ta cika zargi. Ran kwana na uku da hantsi sai ga mata sun zo da guɗa, suka yafa mata farin zane, suka wuce da ita gidan wata tsohuwa. Na bi su ina tambaya, kowa sai barka yake yi mini.

Tsohuwar, sunanta Iya Ladingo, ita ta zaunar da ni ta warware mini. A gabas da birnin akwai tsibirin da suke binne matattunsu, Tsibirin Kakanni. Kowace shekara suna aika wa kakannin gaisuwa a cikin akwati: kowane gida ya sa abinsa, a rufe da dalma, ba mai buɗewa har abada. Ɗan gari ba ya taka tsibirin da rai, don haka baƙo ake ɗorawa a kan akwatin ya raka shi, bara namiji bana mace. Tsakanin birnin da tsibirin kuwa akwai inda faƙon ya yi siriri, suna ce masa Ɓawon Ƙwai.

Na ce, "Iya, waɗanda suka raka a baya fa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da can suna isa lafiya, su wuce abinsu ta bayan tsibirin. Shekara uku ke nan a jere ɓawon na fashewa. Magajin Turi ya ce zunuban baƙin ne suka yi nauyi."

Magajin Turi shi ne mai kula da wannan al'ada, wani ƙato mai suna Barmo, rawaninsa ya fi kansa amfani. Aikinsa shi ne ya tsaya a yi gwaji kafin a aika akwatin. Gwajin kuwa shi ne Iya Ladingo, da yake ita ce mafi tsufa a birnin, ta sa tafin hannu ɗaya ta tura. In akwatin ya motsa, Magaji ya ɗaga sanda ya ce ba nauyi. To ina abin da ba zai motsa ba a kan wannan santsi? Ko gidan sarkin aka ɗora a jirgi, kaza ma in ta jingina sai ya gusa.

Na tambaye ta nawa Ɓawon Ƙwai ke ɗauka. Ta ce masu yankan gishiri suna ratsa gefensa kullum da jirgi mai kantu ɗari da hamsin, ba a taɓa jin komai ba. Wani mai haɗama ya taɓa loda ɗari biyu, har yau ba a ga ko hularsa ba. Sai ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, shekara goma sha tara ina tura akwatin nan. Da, in na taɓa shi sai ya tafi kamar an kira shi. Yanzu sai in yi ta dannawa yana jan jiki. Gidaje sun yi yawa, kowa kuma so yake nasa ya fi na maƙwabci, wannan ya sa turmin ƙarfe, wancan ya sa uwar maƙera. Hannuna ya sani. Amma abin da ake tambayata ɗaya ne, ya motsa ko bai motsa ba."

Tsahare na zaune a gefe cikin farin zanenta, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, shekara uku na yi ina daka maka fura a kan dutse kana jan duwatsu. In karatun nan yana da rana, yau ce." Jibi ne kuwa ranar aikawa.

Na tafi fada na faɗi na yi gaisuwa. Sarkin Zamiya dattijo ne siriri mai sanyin magana, ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan da duk wanda ya yi magana ta ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in auna akwatin gobe a gaban jama'a. Ba zan buɗe ba, ba zan ɗaga ba."

Magaji Barmo ya tsoma baki, "Ranka ya daɗe, an riga an gwada, ya motsa. Baƙon nan tsoron abin da matarsa ta aikata yake yi."

Na haɗiye abin da ya taso mini. Sarki ya ce abin da ba a buɗe ba, ba a ɗaga ba, bai ga inda ya saɓa wa kakanni ba. Aka sa gobe da safe.

Gari ya waye, filin ƙofar gabas ya cika maƙil. Ga akwatin nan a kan jirginsa, tsayinsa ya kai rumbu, an lulluɓe shi da jan ƙyalle. Na nemi makaɗin fada, na ce ya riƙe bugu ɗaya daidai, kada ya yi mini salo. Na nemi ƙarti biyu masu jan jirgi, na ɗaura igiyarsu a jikin bakan ƙahon, na nuna musu zane na ɗari da ashirin, na ce su ja su tsayar da shi nan, kada ya wuce kada ya gaza, ko da za su yi gudu ne. Na roƙa aka fito da Tsahare, na ba ta gawayi, ta riƙa bin gindin jirgi tana ɗiga alama a ƙasa duk sanda ganga ta faɗi.

Na fara da abin da kowa zai iya ƙirgawa. Aka loda gishiri a wani ƙaramin jirgi ba a gabana ba, aka rufe da tabarma. Ganga ta faɗi, ƙartin suka ja, jirgi ya tafi. Bayan bugu huɗu na tsayar da su, na auna tsakanin alamun gawayin da hannuna: kamu ɗaya, sai uku, sai biyar, sai bakwai. Na ce, "Kun gani, kowane bugu yana ƙara kamu biyu a kan na bayansa. Ja ɗari da ashirin a raba biyu, sittin. Wannan jirgin da kayansa nauyin kantu sittin ne." Aka yaye tabarma aka ƙirga, kantu hamsin da shida. Wani tsohon masassaƙi ya ce katakon jirgin kansa zai yi kantu huɗu, shi ya sassaƙa shi. Fili ya ɗauki guna-guni.

Sai aka ɗaura wa akwatin kakanni. Ƙarti su ne dai, zane shi ne dai, ganga ita ce dai. Suka ja, akwatin ya motsa, Magaji ya ɗaga sanda ya ce, "Ga shi nan, ya motsa." Ban ko dube shi ba. Abin ya yi ta rarrafe kamar tsohon kunkuru, alamun Tsahare suna kusan hawa kan juna. Na bar shi ya yi bugu takwas don kada a ce na yi gaggawa, na tsuguna na auna. Kowace tazara rabin kamu kacal ta fi ta bayanta.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ja ɗaya aka yi wa su biyun. Wancan ya ƙara kamu biyu, wannan rabin kamu. Rabi nawa ne a cikin ɗari da ashirin? Ɗari biyu da arba'in. Nauyin akwatin nan da jirginsa ke nan. Ɓawon Ƙwai kuwa masu gishirinku sun san ɗari biyu ma ba ya ɗauka."

Na ga masu yankan gishiri suna duban juna suna gyaɗa kai. Sarki ya sauko da kansa ya dubi alamun gawayin, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "To baƙo, mece ce dabara?" Na ce a yi akwati biyu, kowanne a jirginsa, a ba da tazara. Ya shafa gemu ya ce, "Wannan ba ta fi ƙarfinmu ba. A cire wa baiwar Allah nan farin zanen tukuna, mu zauna da dattawa." Wata mata har ta kai hannu kafaɗar Tsahare.

Sai Magaji Barmo ya yi gyaran murya ya ce, "Bana kam wataƙila kaya sun ɗan yi yawa. Amma waɗancan ukun, zunubinsu ne ya ci su, wannan kowa ya sani."

Jama'a, da ma na bar shi. Kare ne ya yi haushi bayan an rufe ƙofa, me zai rage ni da shi? Amma raini ya cika mini ciki tun ranar da na shigo birnin, ya kuma sami ƙofa. Na juya na ce, "Zunubin wa? Kantu nawa ne zunubi, kai mai rawanin banza? Mutum uku kuka ɗora a kan tulin ƙarfe kuka tura su ruwa, kuka koma gida kuka ci tuwo, sannan kuka bi su da ƙazafi. Jakin garinmu ya fi ku sanin kaya, don shi in an yi masa lodi ya wuce kima durƙushewa yake. Gari guda, daga sarki har bafade, ba mai hankalin jaki." Har da nuna su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, na ƙare a kan Sarki.

Hannun matar nan ya sauka daga kafaɗar Tsahare. Masu gishirin da ke gyaɗa kai suka sunkuyar da shi. Fuskar Sarki ta rufe kamar an ja ƙyaure. Magaji ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ranka ya daɗe, in aka karɓi ƙidayarsa, an karɓi cewa mu masu kisan kai ne, har da marigayi mahaifinka da ya aika na farko." Sarki ya juya ya hau karagarsa. Ya ce akwatin ya motsa, gwajin kakanni ya cika, gobe za a aika. Tunda kuma baƙo ya damu da matarsa haka, a ɗora su tare.

Da yamma Iya Ladingo ta kawo mana ruwa inda aka tsare mu. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka ba su gaskiya, sun miƙo hannu za su karɓa, ka mare su da ita. Baki shi ke yanka wuya." Na ce ai wawaye ne. Ta ce, "Wawaye ne. Su ke riƙe da igiyar kuma." Tsahare ta juya mini baya, wannan ya fi mini zagi zafi.

Da hantsi aka kai mu ƙofar gabas. Aka cire mana takalman ƙusa, don kada mu sauka mu gudu, aka karɓe bakan ƙahon, Magaji ya karya shi a gwiwa. Aka ɗora mu a goshin jirgin, gaban akwatin. Iya ta zo yin turin al'ada, ta shimfiɗa mana wani ƙirgi na fatar sa, ta ce wa Magaji ba a aika baƙi su zauna a kan katako tsirara. Da na taɓa ƙasan ƙirgin sai na ji maiƙo, ta shafe shi da kitse. Ta sa tafinta a jikin akwatin, hawaye na bin kuncinta. Sannan ƙarti arba'in suka sa kafaɗa suka yi ta turawa har jirgin ya kai saurin sassarfa, suka sake shi. Mata suka rangaɗa guɗa, birni ya fara ja da baya.

A kan faƙon nan abin da aka tura ba ya tsayawa sai ya ci karo. Gabanmu can ga Ɓawon Ƙwai, an gane shi don farinsa ya koma toka-toka, ruwan ƙasa yana nunawa. Bayansa ga duwatsun tsibirin. In mun diro gefe, ba takalmi, haka za mu yi ta zamewa kusa da jirgin har mu nutse tare. Na dubi ƙirgin, na dubi akwatin, kaina ya shiga aiki.

Na ce, "Tsahare, ni da ke mu biyu ba mu wuce kantu biyar ba. Wannan ɗari biyu da arba'in ne. In muka sa ƙafa muka tokare shi, ƙarfin da ya same shi shi zai same mu. Ko ja ɗari da ashirin ne kawai, shi rabin kamu zai ji, mu kuwa a raba biyar, ashirin da huɗu. Tokarar ba za ta daɗe ba, amma za ta fitar da mu gabansa. Ɓawon zai ɗauke mu, shi ne ba zai ɗauka ba."

Ta ce, "Ka gama wa'azin? Faɗa mini inda zan sa ƙafa."

Muka zura ƙirgin ƙasa a gaban jirgin muna riƙe da gefensa, muka sauka a kai, muka kwanta rigingine kafaɗa da kafaɗa, tafin ƙafafunmu a goshin jirgin, gwiwoyi a naɗe har ƙirji. Jirgin ya yi ta tura mu. Na leƙa na ga tokar ta matso, saura kamar taki talatin. Muka yi bismilla, na ƙirga uku, muka miƙe ƙafa da duk abin da Allah ya ba mu.

Muka fita kamar an harba ƙodago. Akwatin ko gezau bai yi ba, ya ci gaba da tahowa a bayanmu, tazara tana buɗewa. Muka hau Ɓawon Ƙwai, ina jin sanyin ruwa ta cikin ƙirgin, ɓawon yana ɗan lotsawa amma bai fashe ba. Mun ci fiye da rabi sai muka ji ƙara a baya, irin ta babbar bishiya in ta karye. Na ɗaga kai na ga goshin jirgin ya nutse, akwatin ya karkata, jan ƙyallen ya tashi, baƙin ruwa ya haɗiye shi duka. Na yi dariya, wallahi na yi, na ce ga zunubin da kuke faɗa nan.

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Tsagar da akwatin ya yi ta biyo mu, ta fi mu sauri. Saura kamar taki goma mu kai duwatsu ta cim mana, ɓawon ya rabe a ƙarƙashin ƙirgin. Wani falle mai faɗin ƙofa ya tashi tsaye ya dawo, ya sauka a kan ƙafar Tsahare ta hagu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Gudun da muka ɗauko ya kai mu har gindin wani dutse, na kama shi da hannu ɗaya, da ɗayan na cafki farin zanen na yi ta ja, ruwa har wuyanta, gishiri yana yanka mini hannu, har na fito da ita tudu.

Can nesa ana hango mutanen Zamiya kamar tururuwa a bakin ƙofarsu, iska tana kawo kiɗan gangarsu. Na san abin da Magaji ke gaya musu, cewa bana zunubin mutum biyu ne, shi ya sa ya nutse da wuri. Na tofar da yawu wajensu. Na yage rawanina, na sami itace biyu na ɗaure mata ƙafar, tana cije leɓe har jini. Da na gama sai na ce, "Kin dai gani, ƙidayata ba ta yi ƙarya ba. Ɗari biyu da arba'in."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Ƙidayarka daidai ce, Malam. Jiya har an kama zanen za a cire mini. Da ka tsaya a ɗari biyu da arba'in, da yanzu da ƙafata nake tafiya."

Na durƙusa ta hau bayana. Kwana goma sha ɗaya na goya ta cikin duwatsu kafin mu sami mai ɗori, shi kuma ya duba ya ce an makara, ƙashin ya kama a karkace.

Mutanen Birnin Zamiya wawaye ne, na faɗa a gabansu, ina kuma faɗa yau, ban janye ko harafi ɗaya ba. Amma wanda ke shakkar labarin nan ba sai ya je Faƙon Santsi ba. Ga Tsahare can a bakin rumfa tana tsinkar zogale, sandarta jingine da bango. Shekara goma sha huɗu ke nan ba ta taka rijiya ba, ni ke ɗebo mata ruwa safe da yamma, ba ta taɓa ce mini sannu ba, ni ma ban taɓa jiran ta ce ba. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah ya yafe mini abin da na ƙara da abin da na rage. Ku tashi ku ba ni hanya, tulunta ya kusa ƙarewa.